Ranar Ambulan Ba a Ciwo

Duk wanda ya san garin Ƙusair ya san Shazli, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mutumin nan da ke zama a keken guragu a bakin titin da ya bi gaɓar teku, daidai inda motocin baƙi ke tsayawa, da farar jallabiya da haƙora a waje. Haƙoran nan su na fi tsana a jikinsa. Ba muni gare su ba, farare ne tas, a jere. Na tsane su ne don na san abin da murmushin nan ya ci masa. Ƙafafunsa biyu ya ci, kuma a gabana aka yi.

Sunana Gad, Usta Gad ake ce min, kamar yadda ake kiran duk gwanin sana'a a wurinmu. Kuku ne ni. Na yi shekaru ina dafa abinci a jiragen nan da ke kwasar Turawa masu nutso su yi mako guda da su a tsakiyar Bahar Maliya, kuma jirgi ɗaya muka yi aiki da Shazli har ranar da aka sauko da shi a cikin bargo.

Unguwarmu ɗaya. Ubansa masunci ne, mai wani kwalekwale da ya fi ɗibar ruwa a kan kifi. Tun Shazli bai yi kaciya ba ya iya ruwa. In raga ta maƙale a dutse, shi ake jefawa ya ciro da numfashi ɗaya, a ba shi kan kifi ya kai wa uwarsa. Da an bar shi a haka da yanzu yana nan talaka mai ƙafafu. Sai otal-otal suka fara tsirowa a bakin ruwa, ya samu aikin wanke rigunan roba da masu nutso ke sawa. Duk mai nutso yana fitsari a rigarsa, wanda ya ce maka ba ya yi ƙarya yake. Shazli ke zura hannu ya juya su ya wanke. Wata rana yana cikin wannan ƙazantar ya ɗago kai ya yi wa wata 'yar Italiya murmushi, ita kuma ta damƙa masa takardar kuɗin da ta fi abin da ubansa ke samu a mako. Ni a ganina ranar aka gama da shi. Ya gane cewa ba wankin aka biya ba, haƙoran aka biya.

Daga wanki ya koma ɗaukar tukwanen iska, daga nan ya yi jarrabawa ya zama jagora, mai shiga gaba a ƙarƙashin ruwa baƙi na bin sa. Ya tsinci harsuna kamar kaza a bakin turmi. Jamusancinsa na gaisuwa ne da yabon tsofaffin mata, Rashancinsa na barkwanci, Italiyanci kuwa da hannu yake yin rabinsa. Ya auri Sabah, 'yar mai gidan burodin unguwarmu, ta haifa masa mata uku. Babbar ita ce Warda, shi ya sa muke kiransa Abu Warda. Uban 'ya'ya mata uku a garinmu ba ya barci mai nauyi, don firij da gado da tukwanen kowace a wuyansa suke.

Albashin jirgi kuwa, kada ma a yi maganarsa. Mai jirginmu yana can Alƙahira, bai san ko ta ina ake hawa jirgin ba, kuma abin da yake biya ko sigarin wata ba ya saya. In ka yi ƙorafi ya ce ai ga baƙi nan. Abincinmu na gaske yana zuwa ne ranar Alhamis, ranar ƙarshe. A yanka kek, a buga jarka, ma'aikata su ɗaura tawul a ƙugu su yi rawa, sannan babba a cikin baƙi ya miƙe ya miƙa wa direban jirgi ambulan. Bakshish ke nan, tukwicin mako. A raba shi daidai wa daida irin rabon masunta, daga direba har mai share bene. Ko a ɓoye baƙo ya danna maka wani abu a hannu, sai ka kawo an haɗa.

Jin sa da daɗi, kamar zumunci. Amma tun da ambulan ɗaya ce, kuma kaurinta ya danganta da yadda baƙi suka ji a ransu, sai kowa ya zama ɗan sandan fuskar ɗan'uwansa. Ka ɗaure fuska, ka taɓa tukunyar gidaje fiye da goma. Daga nan dokar ta fito, wadda ba wanda ya kafa ta kuma ba wanda ya isa ya karya: ranar ambulan ba a ciwo, ba a fushi, ba a makoki. Na ga ranar da aka bugo wa Nubi, makanikenmu, cewa uwarsa ta rasu. Ya ajiye waya, ya ɗaura tawul, ya karkaɗa ƙugu a gaban wasu Turawan Holan suna tafa masa. Sai da suka sauka ya shiga ɗakin inji ya yi kukansa. Tun ranar na daina fitowa kallon rawar.

A wannan sana'a ta faranta rai, Shazli ba shi da na biyu. Ya san sunan kowa tun daren farko. Ƙatti masu gemu su zauna su miƙe ƙafa kamar jarirai, ya durƙusa ya saka musu ƙafar agwagwa, wannan faffaɗan takalmin robar da ake iyo da shi. Ya goge musu gilashin ido. Ya riƙe kunkurun ruwa da ƙarfi har sai kowa ya ɗauki hoto, dabba na mutsu-mutsu tana neman numfashi. Ƙwaina ma bai bari ba, dafaffe yake sacewa ya kai wa wani ƙaton kifi don ya matso kusa da kyamara.

"Abu Warda, ina ƙwaina?"

"Jari na zuba maka, Usta. Kifi ya ci ƙwai, Bature ya samu hoto, Alhamis ka ci nama."

"Allah wadaran jarin da sai an yi sata. Kai ko kunya ba ka ji, kana durƙusa wa sa'an ƙaninka kana sa masa takalmi?"

"Kunya nawa ake sayenta a kasuwa? Kawo in kai wa mai firij, in ya karɓa na daina."

Haka muke. Ina zaginsa yana dariya, in ya fito daga ruwa yana rawar ɗari ni ke ajiye masa miyar lalo mai zafi. Ina son mutumin, shi ya sa abin ke ci min rai.

Makon da abin ya faru, Jamusawa muka ɗauka. Babbansu wani ne Detlef, ƙato, ja, mai wuya kamar na sa. Duk shekara yana zuwa, kuma da ya hau jirgi sai ya rungume Shazli yana kiransa ɗan'uwansa. A ƙasarsu shi ma malamin nutso ne, yana koya wa mutane, wannan ku riƙe shi. Yana da wata kyamara mai hannuwa da fitilu kamar ƙaguwa, wadda Shazli ya ce kuɗinta ya fi na gidansa. Abin da ya kawo su can kudu, nesa da kowane gari, shi ne kifin shak mai kan guduma. Aka yi ta shiga ana fita, masu kan guduma suka ƙi zuwa. Zuwa Laraba fuskokin baƙi sun yi tsami, har abincina suka fara tsangwama. Ma'aikata kowa na tafiya a kan yatsu. Saura shiga ɗaya mai muhimmanci, ta safiyar Alhamis, a wurin da aka fi sa ran ganinsu.

Larabar da yamma, suna gab da tasowa daga nutso na uku a ranar, kyamarar Detlef ta suɓuce. Ta bi gefen dutse ta yi ƙasa, ta je ta maƙale can a zurfin da ba a kai baƙi. Waɗanda ke wurin sun ce Detlef bai ce a je ba. Ya dai nuna da yatsa, ya dubi Shazli. Shi kuwa mako guda yana shiga yana fita, tukunyar iskarsa ta kusa ƙarewa, amma ya juya kai ƙasa ya bi ta.

Ko ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce na wanka ba, na san mai nutso ba ya tasowa kai tsaye. Sai ya tsaya a hanya, iskar da ta shige jini ta fita a hankali. In ba haka ba jini ya yi kumfa kamar kwalbar lemon da aka girgiza, kumfar ta samu lakar gadon baya ta zauna. Maganin kuma kowa a jirgi ya haddace shi: a sa wa mutum oksijin nan take, a juya jirgi, a kai shi asibitin da ke da ɗakin ƙarfen nan da ake matse iska a ciki. Maganar awoyi ce, ba ta kwanaki ba. Shazli ba shi da iskar tsayawa a hanya. Ya taso kamar an harbo shi, kyamara a sama.

Aka yi ta tafi a kan bene. Detlef ya sumbaci kyamarar tukuna, sannan ya rungume ɗan'uwan nasa.

Ina yanka albasar abincin dare, rana ba ta faɗi ba, sai ga Shazli ya shigo kicin yana dafa bango. Kicin ne kaɗai wurin da baƙi ba sa leƙawa. Ya zauna a kan buhun albasa.

"Usta, tura ƙofar nan."

Na tura. Haƙoran sun shige ciki, fuskarsa ta yi toka-toka.

"Ji nake kamar an ɗaure min ƙugu da igiya ana ja. Tafin ƙafata kuma kamar tururuwa na yawo."

Na ajiye wuƙa na hau sama wurin Rayyis Hammam, direbanmu. Dattijo ne mai tabon sallah a goshi, bai taɓa cin haƙƙin kowa a rabo ba, kuma har gobe ba zan ce mugu ne ba. Ya biyo ni, ya tsaya a kan Shazli.

"Abu Warda, me ke damunka?"

"Jijiya ce, Rayyis. Kyamarar nan nauyi gare ta."

"Ka tabbata?"

"Sai ka ce yau na fara ruwa."

Na ce, "Rayyis, kai ma ka san ba jijiya ba ce. Ka tada inji."

Ya ja ni gefe, ya rage murya kamar mai ta'aziyya. "Usta, in na juya yanzu, sun rasa safiyar gobe. Mako guda ba su ga abin da ya kawo su ba, ga ɗan'uwansu a kwance da roba a hanci. Wace ambulan kake jin za su bayar? Kuma su koma su rubuta a waya cewa jirginmu na nakasa mutane. Ka manta shekarun da baƙi suka ɗauke ƙafa, muka sayar da 'yan kunnen matanmu? Na tambaye shi a gabanka, ya ce jijiya."

"Ƙafafun mutum fa ake magana."

"Nasa ne. Shi ya san su."

Kwalbar oksijin tana cikin wani koren akwati a kan bene, daidai inda baƙi ke shan kofi. Ba wanda ya yarda ya taɓa ta a gabansu. Ni na je da buhun dankali kamar mai kwashe shara, na zura ta ciki na sauko da ita. Na kashe murhu na sa masa. Ashe rabi ce, mai jirgi bai ga dalilin cika abin da ba a amfani da shi ba. Kafin a kira magariba ta ƙare.

Sai zuciya ta ɗebe ni. Jamusancina bai wuce sunayen abinci ba, don haka ban tsaya magana ba. Na haura na kamo hannun Detlef na jawo shi har kicin. Na nuna masa Shazli, na nuna ƙafafun, na bubbuga bayana.

Abin da na gani a wannan ɗan lokacin shi ke hana ni cin abinci in na tuna. Da ƙofa ta buɗe, Shazli ya kama kantar tukwane ya miƙe tsaye. Haƙora suka fito. Detlef ya tambaye shi wani abu, shi kuma ya haɗa yatsu biyu ya yi masa alamar lafiya lau irin tasu ta ƙarƙashin ruwa. Ni idon Detlef nake kallo. Ya sauka kan hannun da ke riƙe da kantar tukwane. Ya sauka kan ƙafafun. Ya sauka kan bakin kwalbar oksijin da ke leƙowa daga buhun dankali, ya ɗan daɗe a wurin. Malamin nutso ne, ya san abin da yake gani fiye da ni. Sai ya dafa kafaɗar Shazli, ya ce masa ya sha ruwa da yawa, ya tambayi ƙarfe nawa za a shiga da safe. Da zai fita ya ɗauki yanka ɗaya na basbusa, kek ɗinmu mai zaƙi, daga farantina ya jefa a baki.

Yana fita Shazli ya zube a kan buhu. Abin da ya fara ce min shi ne, "Usta, me na yi maka?"

Labari ya zaga ma'aikata. Nubi ya leƙo da baƙin mai a hannu. "Kai 'ya'yanka maza ne, sun kama aiki. Mu da muke da ƙanana fa? In kana jin tsoron Allah ne, ka ji shi a kicin ɗinka."

"Kai da ka yi rawa a kan gawar uwarka, kai za ka koya min?"

Da ba a riƙe shi ba da mun kwashi 'yan kallo. Ba na alfahari da maganar, amma ban janye ta ba.

Tsofaffin masuntanmu suna da wata magana, wai ruwan da ya ba ka ciwo shi ke karɓe abinsa, in nutso ya kama ka ka koma ƙasa. Da ita suka lallashi kansu. Da asuba, kafin baƙi su fito, mutum biyu suka ɗauki Shazli suka zura shi a rigar roba, suka zaunar da shi a ƙaramin kwalekwalen inji, suka goya masa tukunya. Baƙi suka fito suka tarar da jagoransu ya riga su shiri yana yi musu waƙa. Suka ji daɗi.

Ya gaya min daga baya cewa da suka yi ƙasa ciwon ya sake shi, har ya ɗauka tsofaffi sun yi gaskiya. Kuma ranar masu kan guduma suka zo, garke guda, suka yi ta kewaya su. Daga tagar kicin na jiyo ihun Jamusawa tun kwalekwalen bai iso ba. Na ga kowa ya hau tsani da ƙafarsa. Shazli kuwa ta igiyar tukunyarsa aka jawo shi kamar buhun shinkafa, yana dariya yana cewa jijiya ta riƙe.

Aka kama hanyar gida. Akwai tashar da ta fi kusa da asibitin, muka wuce ta da rana tsaka ina kallon farin gininta, don motar baƙi a tasharmu take jira. Rayyis ya aiko a ce min in yi kek. Na ce a gaya masa hannuna na ciwo, kuma ni a wurina ana ciwo ranar ambulan. Suka tattara ragowar basbusa suka dasa mata kyandir.

Bayan la'asar aka yi bikin. Na tsaya a bakin matakala, don ina so in gani da idona ko akwai wanda zai ji kunya. Shazli, wanda kullum shi ke buɗe rawa, an jingina shi da bango an ba shi jarka yana kiɗa, da bargo a kan cinya a wannan zafin. Ya jiƙa kansa da fitsari bai sani ba. Da wari ya fara tashi, Rayyis ya sa aka kawo kasko aka zuba turaren wuta kusa da shi. Baƙi suka ɗauka al'ada ce, suka yi ta ɗaukar hoton hayaƙin. Nubi ya karkaɗa ƙugu. Detlef ya miƙe ya yi jawabi, ya ce a duk duniya bai taɓa ganin mutane masu farin ciki irinmu ba, ba mu da komai amma kullum muna dariya. Ya miƙa ambulan da hannu biyu.

Sannan ya ce yana da kyauta ta musamman ga ɗan'uwansa da ya ceto masa kyamara. Ya fito da safa guda cike da sulallan ƙasarsu, irin canjin da ke taruwa a aljihu, wanda babu bankin da ke karɓa a Masar kuma shi ma ya sani. A kai ya ɗora tsofaffin ƙafafun agwagwarsa, ya ce ya sayi sababbi. Ya ajiye su a kan bargon, a kan ƙafafun da ba sa jin nauyinsu. Shazli ya ɗaga su sama, aka tafa.

Sai da motar baƙi ta sha kwana aka daina ɗaga mata hannu. Murmushi ya faɗi daga fuskar kowa lokaci guda, kamar an kashe fitila. A nan ne aka fara gudu, kowa na ba da umarni, Rayyis na salati. Aka naɗe shi a bargon aka sa a bayan a-kori-kura. Likitan ya tambayi yaushe abin ya fara. Da aka gaya masa, ya cire tabarau ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sun yi ta sa shi a ɗakin ƙarfen kwana da kwanaki. Ciwon baya ya tafi, ƙafafun ba su dawo ba.

Mai jirgi ya bugo waya ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ƙara da cewa shi dai bai aiki kowa ɗauko kyamara ba. Ma'aikata suka ci gaba da fitar wa Shazli kasonsa irin na masunta, wanda ke kwance ba a hana shi rabo. Suka yi haka har ƙarshen kakar. Da sabon jagora ya zo da nasa bakunan da zai ciyar, kason ya fara ramewa har ya ɓace. Nawa kason na wancan makon na kai wa Sabah. Ba kirki ba ne, hannuna ne ya ƙi riƙe shi. Ta karɓa ta ce, "Usta, da ka fasa wa Rayyis tukunya a ka." Na ce mata da na san haka zai juya jirgi da na yi.

Na bar ruwa. Na kama ɗan shago ina sayar da wake da gurasa. Abokan aikina suka yi wata da watanni ba sa amsa sallamata, wai ni ne na so in tozarta su a gaban baƙi. Ba wanda ya taɓa ambaton Detlef da mugun baki. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Warda ta yi aure, da firij ɗinta. Sabah ta koma gidan burodin ubanta tana murza ƙullu. Shazli kuwa safar nan ce ta ba shi sana'a. Da ya rasa inda zai kai sulallan, sai ya sa aka tura shi bakin titi ya roƙi wasu baƙi suka canza masa su da takarda. Yanzu duk masu share ɗaki da masu ɗaukar kaya na otal-otal, waɗanda ake zuba wa irin wannan tsabar, wurinsa suke kawowa. Ya tare Turawa ya canza, ya cire ɗan nasa. Ƙafafun agwagwar kuma ya rataye su a bayan kekensa. Ya ce talla ce, masu nutso na ganinsu sai su tsaya, su tambaya, ya ba su labari, hannunsu ya saki. A labarin da yake ba su babu Laraba, babu buhun dankali. Akwai jarumin da ya ceto kyamara.

Kullum da safe nakan kai masa kwanon wake da man zaitun. Rannan na tarar da shi yana goge ƙafafun agwagwar da tsumma, na kasa haƙuri.

"Abu Warda, don Allah in tambaye ka. Ba ka taɓa kwanciya ka tsine wa mutumin nan ba?"

"Wa?"

"Mai kyamara."

"Detlef? Haba Usta. Mutumin kirki. Bara ma ya aiko a gaishe ni."

"Ya aiko da me?"

"Da gaisuwa mana." Ya gutsuri gurasa ya dangwali wake. Can ya ɗago, idonsa na ƙyalli irin na mai tuna ranar aurensa. "Amma tsakaninka da Allah, duk shekarun da ka yi a ruwa, ka taɓa ganin ambulan mai kauri irin ta makon nan?"

Na kau da kai ina kallon titi.

"Faɗi gaskiya."

"Ban taɓa ba."

"To ka gani. Ni na kawo ta. Kai kuwa saura ƙiris ka ɓata mana."

Na buɗe baki zan yi magana. Sai ga wata farar mota mai labule ta rage gudu tana neman wurin tsayawa. Ya turo min kwanon da sauri, ya share baki da hannun riga, ya gyara bargon cinyarsa, ya jijjiga safar don ta yi ƙara. Haƙoran suka fito.

Ta gefen baki ya ce, "Usta, matsa can da fuskar nan taka, za ka kore min baƙi."

Na ɗauki kwanona na matsa.